Gayaunar da Ban Yanka wa Ɗana Ba

Shekarun baya, ina cikin dattawan da bakinsu ba ya gajiya da zagin yaran zamani. Kullum bayan la'asar, a majalisarmu ta bakin kasuwar Illela, labarina ɗaya ne: da tsohon keke na fara, ina ɗaure atamfa in tsallaka iyaka zuwa Konni, in dawo da sefa, kuɗin can, a aljihu. Na maimaita shi har abokaina suna ƙarasa min. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne inda keken ya fito.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da fadama wajen Tozai. Da na tasa ya yanka min gayauna, ɗan yankin da uba ke ba ɗansa ya noma wa kansa. Albasar da na cire a shekarar farko ita ta sayi keken. Da ya rasu, fadamar ta faɗo a rabona. Lokacin kasuwa na daɗi, iyaka kamar ƙofar zaure, sai na ga noma aikin wanda bai waye ba ne. Na sayar da ita na sayi motar kaya. Motar ta yi shekara shida ta mutu. Kunya ta sa na bar iyalina da zaton haya na bayar.

Babban ɗana kuwa boko na sa shi, tunda ni a firamare na tsaya. Ya gama jami'a a Sakkwato, ya dawo da takardu cikin leda, ya shekara uku yana neman aiki. Ya so ya bi sawuna a kasuwa, sai aka rufe iyaka, mu kanmu tsofaffin hannu muka zauna korar ƙuda.

Wata rana ya zo wucewa ta majalisa, ya durƙusa ya gaishe mu. Wani abokina ya tsokane shi: "Malam mai digiri, yaushe za mu sha shayin albashi?" Aka yi dariya. Maimakon in kare shi, sai na ƙara da cewa, "Yaran ga ba su son wahala. Zaman ofis suka jira." Ya tashi ya tafi.

Washegari da hantsi ya same ni a zaure, ya zauna daga nesa, kansa a ƙasa.

"Baba, ba wahala nika gudu ba. In da hali, a karɓo fadama a yanka min gayauna, kamar yadda Inna ta ce Kaka ya yi maka. Albasa zan sa."

Na ce, "Mi? Duk karatun ga, ka koma cikin laka?"

"Karatun bai ciyar da ni ba, Baba."

Babu sauran wurin ɓuya. Na ce, "Babu fadama. Na sayar tun kana rarrafe."

Ya dubi tabarma. Sannan ya ce, "To, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Wallahi da ya ɗaga min murya da ya fi min sauƙi.

Da rani ya tafi ƙwadago a wannan fadamar, yana yi wa jikokin wanda ya saya ban ruwa. Da aka cire albasa, ya bi motar da ke kai ta Kudu. Na raka shi tasha da niyyar in ce ya yafe min. Amma ɗan fari ne, a wurinmu ko sunansa ba na kamawa, balle in buɗe masa cikina. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Ka riƙe salla."

Yanzu yana can, yana da rumfarsa, ya yi aure. Jikokina ta waya suka san ni, Hausar ma da ƙyar suke haɗa ta.

Mu namu iyayen sun miƙo mana abin da za mu tsaya a kai. Ni na cinye nawa, na haɗa da na ɗana, sannan na zauna a inuwa ina kiransa malalaci. Ba na cewa duk sa'o'ina haka suka yi, ni dai na san nawa.

Sai bayan shekara huɗu na iya roƙonsa gafara, shi ma ta waya. Ya ce, "Haba Baba, ai ya wuce." Ya wuce ɗin. Amma ɗakinsa na nan a kulle, kuma duk Juma'a mahaifiyarsa na buɗewa ta share, ta sake kullewa, ba ta ce min komai.