Rodin Da Ke Kan Gidan Don Fermín

Roxana Ticona ba ta taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, kuma rabonta da zana gida da hannunta har ta manta. Amma a kamfanin gine-ginen da take aiki a Lima, ba a zuba kankare sai ta ce to. Ita ce shugabar sashen zane. Mai zanen gini ya kawo nasa zanen, injiniyan ginshiƙai ya kawo nasa, mai famfo da mai wuta su ma su kawo nasu, kowa ya zana abinsa kamar shi kaɗai zai zauna a gidan. Aikinta shi ne ta tara zane-zanen nan ta sa su jitu tun suna kan takarda, kada a wayi gari a ga bututun banɗaki ya ratsa tsakiyar ginshiƙi. Mahaifinta Don Fermín ya sha tambayarta abin da take yi takamaimai, da ya gaji sai ya riƙa gaya wa maƙwabta cewa 'yarsa alƙaliyar magina ce. Bai yi nisa da gaskiya ba.

Sai dai alƙaliya ce da ba ta son zaman kotu. In gardama ta kaure a ofis, masu digiri suna ta nuna wa juna yatsa, ita ba ta ɗaga murya. Tana barin kowa ya zazzage cikinsa, sannan ta ɗauki hular kwanonta ta ce, "Mu je mu gani." Akwai wani mai zane, Lucho Barrantes, mutumin kirki amma mai son taga kamar ransa, wanda ya taɓa rantsuwa cewa wani tsohon bango zai jure a huda masa taga mai faɗin ƙofar gareji. Roxana ta kai shi gaban bangon, ta zaro 'yar guduma daga jakarta ta miƙa masa.

"Ƙwanƙwasa, Lucho."

"Haba Injiniya, ni kuma? Mai zane ne ni fa, ba birkila ba."

"Ai bangon bai sani ba. Ƙwanƙwasa."

Ya ƙwanƙwasa, bangon ya amsa kamar tsohuwar ƙwarya. Lucho ya sosa ƙeya, ya koma ya rage tagarsa da kansa. Haka take yi kullum, don ta daɗe da gane cewa mutum yana iya musa maganarka har gobe, amma da wuya ya musa abin da hannunsa ya ji. Gudumar nan kuwa ba ta fi cokalin miya ba, kuma babu inda ba ta shiga da ita. Ta ƙwanƙwasa bangon asibiti, ta ƙwanƙwasa na gidan biki, har na likitan haƙorinta bai tsira ba. Gida ɗaya ne rak a duk Lima da ba ta taɓa fito da gudumar a cikinsa ba, shi ne gidan ubanta a unguwar Villa El Salvador.

Don Fermín ya sauko daga tsaunukan Puno yana saurayi, ya kafa bukkar tabarma a kan rairayi kamar yadda kowa ya yi a lokacin. Da keken dako mai ƙafa uku ya ci abinci, da shi kuma ya gina gida, yau bulo kaɗan, gobe buhun siminti, wata rana a yi shiru sai an samu. Yashin gini kuwa bai sha masa kai ba, tunda ga teku nan kusa tana ba da shi kyauta. Ranar Lahadi sai ya ɗora Roxana a keken, tana 'yar ƙarama, su gangara bakin ruwa. Ita ta cika gwangwani, shi ya juye, a dawowa ta zauna a kan tulin yashin tana rera waƙa shi yana ture keken yana haki. In ka tambaye ta ranakun da ta fi jin daɗi a duniya, waɗannan za ta fara ambata.

Da aka zuba rufin kankare, Don Fermín ya yi abin da kowane uba yake yi a unguwanninmu. Ya bar rodin ginshiƙai sun leƙo sama da rufin, tsaye cirko-cirko, suna jiran hawa na biyu. Mu a nan sararin da ke kan rufi dukiya ce, iskar gida muke ce masa, ana gadonsa, ana kyautarsa, 'yan'uwa har daina gaisawa suke yi a kansa. Ranar da aka gama rufin, ya ɗauki Roxana ya hau da ita, ya nuna mata sararin, ya kira ta da sunan da yake kiranta a gida ya ce, "Chana, daga nan zuwa gajimare naki ne."

Bai yi wasa da rodin nan ba. Ya kifa wa kowanne robar lemo a ka, duk shekara kuma yana hawa ya shafe su da baƙin mai. Matarsa ta rasu, gwiwoyinsa suka fara ƙara, Roxana ta yi karatu ta kama ɗaki a hawa na tara a wani dogon bene a unguwar Surquillo, wanda ita ce ma ta daidaita zanensa. Rodi dai suna nan, shi ma yana nan. Ita kuwa tun tana makaranta, ranar da malami ya yi musu bayanin abin da gishirin yashin teku yake yi wa ƙarfe a cikin kankare, ta tuna yashin da suka ɗebo ita da ubanta. Daga ranar, in ta zo gida sai ta riƙa kallon tukunya, da hotunan bango, da fuskar ubanta, ban da tsagar da ke bin ginshiƙin tsakar gida daga sama zuwa ƙasa. Tana jin tsoro, kuma ta san tana jin tsoro.

Wata Lahadi ta zo cin abincin rana kamar yadda ta saba, ta tarar da tulin bulo a ƙofar gida, an lulluɓe da leda. A ciki ga Don Cirilo, amininsa tun zamanin bukkar tabarma, ya baje yana cin shinkafa da kaza kamar shi ya dafa.

"Ga amaryar sama ta iso!" in ji Don Cirilo. "Zo ki gai da ubanki, yarinya, tsohon nan ya haukace. Bene zai yi miki."

"Rufe bakinka ka ci abinci," in ji Don Fermín, yana murmushi har kunne. "Chana, na yi magana da magini. Watan gobe za a fara. Ɗaki biyu da falo, taga ta fuskanci teku. Wannan maƙwadaicin shi ne uban bikin rufi, tunda babu wanda ya rage a raye sai shi."

"Har kwalbar na saya," in ji Don Cirilo. "Na ɓoye ta inda ni kaina ba zan gan ta ba."

Al'ada ce, ranar da aka zuba rufi a rataya gicciye da furanni, uban biki ya fasa kwalbar giya da guduma, a ciyar da leburori har su kasa tashi. Don Fermín ya riga ya gayyaci rabin layi. Roxana ta ce, "Madalla, Baba," ta tura abincin da ƙyar, ta koma Surquillo.

Makon nan ta yi aikinta kamar kullum. Ta raba faɗa tsakanin mai wuta da mai famfo, ta gano wata matattakala da za ta ƙare a jikin bango, ta sa aka gyara. Amma lissafi ɗaya ne yake mata yawo a ka. In aka ɗora bulo da kankare a kan ginshiƙan nan, za su tsaya, ƙila shekara biyar, ƙila goma. Ƙasar nan tamu kuwa ba ta sallama kafin ta girgiza, kuma ubanta a ƙasa yake kwana. In ta yi shiru, ta bar shi a ƙarƙashin nauyin da zai iya danne shi. In ta yi magana, ta gaya wa tsoho cewa abin da ya yi rabin rayuwarsa yana shafa wa mai ya daɗe da mutuwa. Ta yi tunanin ta tura masa wani injiniya ya faɗa a madadinta, sai kunya ta kama ta.

Lahadi ta zagayo, da irin yayyafin nan namu da ba ya jiƙa ƙasa sai dai ya ci ƙarfe. Ta sami ubanta da Don Cirilo a tsakar gida, Don Fermín yana auna inda matattakala za ta bi.

"Baba," ta ce, "mu je mu gani."

Ya dube ta. Ya san kalmar, don ta sha ba shi labarin su Lucho yana dariya har da hawaye. Yau bai yi dariya ba. Ta kai shi gaban ginshiƙin tsakar gida, ta buɗe jaka, ta sa masa gudumar a hannu.

"Gidan nan ya ga babbar girgizar ƙasa bai durƙusa ba," ya ce. "Kina nan ai."

"Ina nan, Baba. Ƙwanƙwasa."

Ya ƙwanƙwasa daga sama, ƙarar ta fito da ƙarfi. Ya sauko da hannu kusa da tsagar, sai ƙarar ta zama holoƙo. Ya ƙara bugawa, wani ɓangaren kankare mai faɗin tafin hannu ya ɓalle ya faɗi a ƙafarsa. A ciki ga rodi ya kumbura ya yi jawur. Ya sa farce ya kankare, tsatsa ta zubo kamar garin barkono, abin da ya rage na ƙarfen bai fi kaurin fensir ba.

Ya daɗe yana kallo. "Ina shafa musu mai," ya ce a hankali. "Ban taɓa fashi ba."

"Na sani. Ba daga sama abin ya shigo ba, daga ciki ne. Yashin ne, Baba. Akwai gishiri a cikinsa."

"Yashin da muka ɗebo ni da ke?"

"Shi ne."

Don Cirilo, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Shi ma da yashin nan ya gina nasa, haka rabin layin.

Roxana ta ji tausayin ubanta, amma ta yi abin da ta iya. Ta tsuguna ta zana masa a ƙasa da tsinke. Za a fasa bayan kowane ginshiƙi, a yi masa sabuwar riga ta ƙarfe da kankare mai yashin kogi. Gidan zai tsaya, zai ɗauki rufinsa da mai shi. Hawa na biyu ne dai ba zai ɗauka ba, ko yau ko gobe. Rodin sama kuma sai an yanke su an toshe gurbinsu, don ta nan laima take bi ta gangara. Kuma kafin a gama aikin, ba zai kwana a ciki ba.

"To ina zan kwana? Gidan wannan?" Ya nuna Don Cirilo da baki. "Minsharinsa kaɗai ya isa ya rushe bango."

"Wurina za ka zo."

Ya miƙa mata gudumar, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ta zauna a tsakar gida har shayin da ke gabanta ya huce, ba ta san ko zai sake yi mata magana a ranar ba. Can sai ga shi ya fito da zarton ƙarfe, tsohon da yake gyaran kekensa da shi.

"Babu baƙon da zai taɓa su," ya ce. "Zo ki riƙe min."

Suka hau. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya cire robar lemo ya ajiye a gefe, ita ta riƙe kan rodin, shi yana yanka. Da ta ga ya fara gajiya, ta ce ya kawo ta karɓe shi, ya ce ta yi aikinta ya yi nasa. Da na ƙarshe ya faɗi, rufin ya zama fili fetal, sai ya tsaya yana kallon teku yana share fuska da gefen riga. Ya ce yayyafi ne, ita ma ta ce yayyafi ne.

Bikin bai fasa ba, don Don Cirilo ya ce shi ba a taɓa naɗa shi uban komai a sauke shi ba. Ranar da aka fara gyaran ginshiƙai ya rataya gicciyensa, ya fasa kwalbarsa, aka ci miyar busasshen dankali har aka ture. Kafin a watse, maƙwabta uku sun ja Roxana gefe suna tambaya ko gudumar nan tana zuwa gidan mutane.

Da yamma ta ɗauki ubanta da akwatinsa zuwa Surquillo. Bai taɓa kwana a saman bene ba. Ya tsaya a taga yana kallon birni, rufi bayan rufi har gindin tsaunuka, kusan kowanne da rodinsa a tsaye.

"Ina ta jiran ki hau sama," ya ce. "Ashe ni za ki hau da ni."

Ta shiga kicin ta ɗora ruwa. Tana cikin neman kofi sai ta ji ƙas, ƙas, ƙas daga falo. Ta leƙo, ta ga jakarta a buɗe, ga Don Fermín a gaban ginshiƙin falon, kunne a jikin bango, guduma a hannu. Ya buga sama, ya buga tsakiya, ya durƙusa da ƙyar ya buga ƙasa. Ya saurara sosai, sannan ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Wannan zai ɗauke mu, Chana," ya ce. "Ina zan ajiye akwatina?"