Andarawus, Wanda Ya Ce Karen Ya Ci Abinci

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, 2025, da hantsi, Baba Andarawus Dudu ya rasu a gidansa da ke kan tudu, gabas da Shanga, bayan jinyar kwana tara. Ciwon ƙirji ne. Ɗiyarsa Hannah ce ta kira ni ina tsakiyar wanke almakashi a asibitin dabbobin da nake aiki a Yelwa, asibitin da ya yi wa bauta shekara goma sha bakwai kafin a kore shi kamar ɓarawo. Mai rai ya karɓi abinsa, a kan wannan ba ni da ta cewa. A kan ƙaryar da aka binne shi da ita kuwa ina da ta cewa, kuma yau zan faɗe ta.

Baba, da ka ga jana'izarka da ka yi mamaki. Likita, mai asibitinmu, ya zo cikin farar mota da babbar riga mai aiki har ƙasa. Ya karɓi makirufo ya ce kai uba ne a gare shi, wai a hannunka ya koyi tausayin dabba. Har da ciro hankici. Na duba da kyau, hankicin a bushe ya koma aljihu. Mutumin da shekara shida bai taɓa tambayar ko kana raye ba, shi ne ya fi kowa daɗewa yana magana a bakin kabarinka. Tir da irin wannan baki.

Ga wanda bai san aikinka ba, kai ne mai zama wajen kan dabba. In an yi wa kare ko kyanwa allurar barci za a yi masa aiki, likita yana can wajen yanka da ɗinki, hankalinsa duk yana kan wuƙa. Dole wani ya zauna ya tabbatar barcin bai zarce ba. Magungunan da muke haɗawa, ketamin da zailazin, ba sa wasa. In suka yi kaɗan dabba ta farka da wuƙa a jikinta, in suka yi yawa numfashi ya tsaya ba tare da ko motsi ba. Kana da wata 'yar gajeriyar kujerar katako. Hannunka ɗaya yana cikin cinyar kare kana jin bugun jini, idonka yana kan haƙarƙari kana bin numfashi. Jim kaɗan ka ɗaga leɓe ka danna dasashi da yatsa, ka ga ko jan zai dawo da wuri. Ka taɓa gefen ido ka ga ko zai ƙifta. Ka ja muƙamuƙi ka ji ko ya saki. Masu digiri suna kiran wannan leburanci, don ba a tsaye ake yin sa ba, kuma ba ya fitowa a hoto.

Maganin barci da nauyin dabba ake auna shi, asibitin kuwa ba shi da sikeli. Likitocin da suka ratsa ta wurin da ido suke awo. Mutum ya kalli kare ya karkata kai ya ce kilo ashirin, sai ka ce wahayi aka yi masa. Kai kuwa sai ka rungumi karen ka taka har wajen masu sayar da shinkafa, ka hau sikelinsu da shi, ka sauka, ka sake hawa kai kaɗai, bambancin shi ne nauyin karen. 'Yan kasuwa suna sheƙa dariya, suna kiranka Baban Karnuka, wasu suna janye rigunansu kada ka goge su. Da yawansu daga baya sun sulalo ta ƙofar baya da karen gadin shagonsu, suna sunkuyar da kai kada a gan su.

Ba na manta Murja, mai bandar kifi daga Warra. Tana da kyanwa da ke tsare mata kifi daga ɓeraye, haihuwa ta zo wa kyanwar da gardama, 'ya'yan suka mutu a ciki. Ta sako ta a kwando ta shigo jirgin ruwa, ruwan sama ya dake su a hanya. Kyanwar ta iso jiƙe sharkaf, jikinta sanyi ƙalau. Likitan lokacin yana sauri, ya ce a yi allura. Ka ce a'a, dabbar da ta yi sanyi haka barci zai wuce da ita. Ka dafa ruwa ka ɗura a kwalabe, ka naɗe su da tsumma ka jera mata, sai da jikinta ya yi ɗumi sannan ka yarda. Ana cikin aiki Murja ta leƙo ta taga ta ga idon kyanwar a buɗe tar, ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu tana cewa, "Ta mutu, ta mutu!" Ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ce, "Ba ta mutu ba, inna. Haka maganin ga yake, ido buɗe suke barci." Ka shafa wa idon man shafawa kada ya bushe. Ranar ba ka ci abincin rana ba, don ba ka tashi daga kan dabba sai ta haɗiye yawu ta ɗaga kai da kanta. Kyanwar ta koma Warra da yamma.

Ni Rahila a hannunka na koyi duk wannan. Na zo da takardar makaranta da girman kai, ka zaunar da ni kusa da kujerarka, ka riƙe yatsana ka aza a cinyar kare har sai da na ji abin da kake ji. Wata huɗu na yi ina koyo kafin ranar da zan ba da labari.

Wata Alhamis ce a daminar 2019. Likitan yanzu bai daɗe da sayen asibitin ba, ya zo da wata na'ura da ake maƙala wa dabba a harshe, tana nuna lamba tana ƙara. Ya fi son ta da kowa a wurin, har ƙyalle yake rufa mata. Da safe wani ɗan kwangila ya zo da motoci biyu da mutanensa, da wani ƙaton kare na ƙasar waje. Karen lafiyarsa lau. Abin da ya kawo shi a yanke masa kunnuwa su tsaya tsaye, don ya yi kama da wanda ɗan kwangilar ya gani a waya. Aikin da ko shekara aka jira ba abin da zai faru.

Doka ce a hana kare abinci tun daren jiya, domin maganin yana tayar da zuciya, dabbar da ke barci kuwa in ta yi amai huhu yake komawa. Likita ya tambaya ko karen ya ci abinci, har da rusunawa. Ɗan kwangila ya ce bai ci komai ba. Kai kuwa ka riga ka durƙusa, ka latsa cikin karen, ka buɗe bakinsa ka shinshina. Ka ce, "Ranka ya daɗe, karen ga ya ci. Ko awa biyu ba a yi ba. A bari sai gobe."

Ba wanda ya tsaya tunanin ko gaskiya ka faɗa. Abin da kowa ya ji shi ne talaka ɗan kan tudu, cikin mutanen da 'yan gari ke rainawa, ya ƙaryata babban mutum a gaban yaransa. Daga baya muka ji mai gadin gidan ne ya cika wa karen kwano da shinkafa da kan kifi, don tausayi, wai ya samu ƙarfin jure wuƙa. Shi mai gidan bai taɓa ba karen abinci da hannunsa ba, ina zai sani? Amma ya riga ya furta, kuma irinsu ba sa janye magana don kare, balle don kai. Likita, wanda ya yi shekara shida a jami'a yana karanta abin da ka faɗa, ya dube ka ya ce, "Wa ya tambaye ka? Fita waje."

Ni aka zaunar a kujerarka. Likita ya kalli karen ya zuƙi magani da ido, ya yi allura, ya maƙala na'urarsa, ya hau yanka. Ya gama kunne ɗaya ke nan na'urar ta fara kuka. Ya ce, "Maƙalin ne ya goce, gyara shi." Na cire, na mayar, na goge, na sake mayarwa. Allah ne kaɗai ya san minti nawa na ɓata ina lallashin waya, hannuna bai taɓa cinyar karen ba. Da na tuna na ɗaga leɓensa, dasashin ya koma kalar toka, ga shinkafa cike da maƙogwaro. Ihuna ne ya shigo da kai ba tare da an kira ka ba. Ka sunkuyar da kansa ƙasa, ka kwashe aman da yatsunka, ka rufe bakinsa ka hura masa iska ta hanci, ka yi ta danna ƙirji har gumi ya jiƙa rigarka. Likita yana gefe riƙe da almakashi, bai san inda zai ajiye shi ba. Karen ya mutu da kunne ɗaya a yanke.

Washegari aka buga takarda. Ta ce kai ne ka auna maganin, ka zuba fiye da ƙima, domin ka zo aiki a buge da burkutu. Likita ba wawa ba ne, ya san ƙaryar da za ta shiga kunnen mutanen gari. A ce ɗan kan tudu ya sha burkutu, wa zai tsaya bincike? Ɗan kwangila ya samu wanda zai zaga, Likita ya tsira da sunansa da na'urarsa. Abin da ya rage shi ne shaida, wanda zai ce ya ji warin giya a bakinka. Aka turo mini takardar da biro. Likita ya ce, "Ke sabuwa ce, kina da gaba. Sa hannu kawai." Na sa. Ba a doke ni ba, ba a ɗaga mini murya ba. Na ji tsoron komawa gida ba aiki, na rubuta sunana da kyau, har da kwanan wata. Duk rainin da na zuba wa Likita a sama, nawa kason ya fi nasa, domin shi bai taɓa zama kusa da kai ya koya ba.

Aka kore ka, amma korar ba ta ishi Likita ba. Ya tabbatar kwafin takardar ya kai hannun fastonku, wai don a taimake ka da addu'a. Kai da ka bar giya tun ranar da aka yi maka baftisma, shekara talatin kafin nan, har ka ɓata da 'yan'uwanka a kan haka. Dattawan ikilisiya suka zauna. Mutanen da suka san ka tun kuna samari suka ɗauki takarda mai hatimi suka fifita ta a kan abin da idonsu ya gani. Aka sauke ka daga dattijo, aka mayar da kai bencin baya. Wannan ne ya karya ka, ba aikin ba. Shekara shida kana zuwa sujada kana zama a bayan yara, kuma su ma dattawan nan na gan su a jana'iza suna jan waƙa da ƙarfi.

Ka ga sunana a takardar, na tabbata, don a gabana ka karanta ta. Ba ka faɗa wa kowa ba, ko matarka. Bayan shekara biyu muka yi kiciɓis a kasuwar Yelwa, ka kawo dawa. Na yi ƙoƙarin ɓuya bayan rumfar mai tumatir, ka riga ka gan ni. Ka ce, "Rahila, ɗiyata. Har yanzu ke ce a kujerar?" Na ce ni ce, Baba. Ka ce, "To ki riƙa kallon kare, ki bar kallon na'ura." Daga nan ka tambayi lafiyar innata, ka ɗauki buhunka ka wuce. Da zagina ka yi da na samu sauƙi. Na bi maganarka, tun daga ranar dabba ba ta sake mutuwa a hannuna don rashin kula ba, amma bakina ya ci gaba da zama a rufe, ina ce wa kaina sai lokaci ya yi. Lokacin da na yi ta jira shi ne wannan, da ba za ka ji ba.

Na buga wannan rubutu kwafi uku. Ɗaya na ajiye a teburin Likita, ƙarƙashin na'urarsa, inda na san zai gani. Abin da zai yi da ni ya rage nasa, kujerar dama ba tawa ba ce. Ɗaya na aika wa fasto da dattawa. Na ukun na iyalinka ne.

Ubangiji ya jiƙanka, Baba Andarawus. Ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa a wurin da ba a tambayar takarda. Yadda ka zauna kan halittun da ba su da bakin gode maka, ya sa ka samu mai zama a kanka. Ya ba 'ya'yanka Hannah da Benjamin da jikokinka haƙuri, ya tsare su daga irin mutanen da ka yi aiki da su, har da ni.

Inna Marta, matar Baba, ina yi miki ta'aziyya, kuma ban cancanci ki karɓa ba. A bakin kabari kin riƙe hannuna, kin zaunar da ni cikin 'ya'yanki, kin ce ni kaɗai ce ban juya masa baya ba. Hannun da kika riƙe shi ne ya sa hannu a takardar. Ranar Lahadi zan hau tudu in tsaya gaban ikilisiya in faɗa da bakina. In kin ga dama kada ki amsa gaisuwata, ba zan ga laifinki ba. Amma a mayar masa da sunansa a gaban waɗanda suka karɓe shi. Mijinki bai sha komai ba ranar nan. Karen ne ya ci abinci, kuma mijinki kaɗai ne a ɗakin ya faɗa.