Alhaji Haliru, Wanda Ya Buɗe Mana Rudunsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Haliru Kashin Zama, shugabanmu manoman albasa.

Baba Haliru, ni ba mai yabon mutum ba ne. Da hannuna na tashi, daga dako a kasuwar Aliero har yau da motocina ke kai albasa Kudu. Amma kai dole in yabe ka, kuma da murya sama.

Wa zai manta shekarar mugun iri? Kai ka karɓo mana shi daga wani baƙon ɗan kasuwa, muka raina, muka dasa, muka yi ta ban ruwa. Ganye ya yi kyau kamar me, aka tona ƙasa babu kan albasa. Gari ya ɗauki zafi. Aka cika ƙofar gidanka ana cewa ka sauka, matasa kuma suka fara ɗaure kaya za su bar noma.

Da wani ne, da ya sulale Jega ya ɓuya wurin dangi. Kai ka fito da carbinka ka ce, "Ni nak kawo irin ga, ban musu. Amma ba a sauka tsakiyar gulbi. Ku biyo ni."

Muka bi ka har bakin rudunka, rumbun karan da ka adana albasar bara kana jiran ta yi tsada. Ka sa aka yaye shi. Kowa ka ba shi manyan kawuna, ka nuna yadda ake yanke saman a binne gindin, ya yi fure ya ba da iri. Sabo, wanda ya fi kowa ɗaga murya, shi ka fara cika wa kwando, kana dariya: "Ɗauki, ɗana, bakinka ya gaji."

Shekarar nan gero ka sayar ka ciyar da gidanka, ba wanda ya ji kukanka. Ba saurayi ɗaya da ya tafi. Tun daga nan Kashin Zama ba ta ƙara sayen iri ba, wurinmu ake zuwa nema har daga Maiyama.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Hajiya Iklima, da 'ya'yanka Shafi'u da Ihsan, da duk manoman yankinmu. Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Mu kuma Ya ba mu shugaban da zai tsaya a ƙofar gidansa ranar da gari ya juya masa baya. Amin.