Gaisuwar da Ta Tuɓe wa Ɗanliti Kaki

A shekarun da aka samu 'yancin kai, ba wanda bai san Ɗanliti ba a yankin Bagudo. Ko ba ka san fuskarsa ba ka san kakinsa, don kakin kan riga mai shi isa wuri. Asalinsa mai fito ne a bakin kogi, gwiwa ta ƙi, ya jingine filafili. Ana nan sai aka buɗe wani ɗan ofishin masu tsaron iyaka a hanyar Dahome, aka jawo waya aka ɗora musu tarho baƙi wuluk a kan tebur, aka ce ana neman wanda zai zauna jiransa. Ɗanliti ya dace. Aikin fa ke nan, ƙararrawa ta buga ya ɗauka, ya kira Saje Attahiru, shugaban wurin. Amma in ka ji shi a kasuwa yana bayanin aikinsa, sai ka rantse shi ke tallafe da ƙasar kada ta faɗa kogi.

Kakin nan shi ne duniyarsa, albarkacinsa ake shimfiɗa masa tabarma a wurin suna. Ranar da aka ba shi, Saje ya ja masa kunne: "Randa maganar ofis ta fita ta wayar nan, ran nan za ka tuɓe shi."

Kira kuwa ba ya yankewa, kuma tarho ba shi da fuska. Wani ya yi ta kwarma "Halo, halo!", wani ya zuba Faransanci, wani ma don rainin wayo ya tambaya kai tsaye ina masu sintiri suka nufa yau. Ɗanliti bai sha wahalar tantance su ba. Ƙa'idarsa ɗaya ce, wanda bai yi sallama ba, ba mutumin kirki ba ne.

"Halon mi? Gidanku haka aka shiga?" Ƙwas, ya kife kan wayar.

Da haka ya kori 'yan fasa-ƙwauri da dama, a ba shi haƙƙinsa. Da haka kuma ya kori wani babban jami'i daga Birnin Kebbi, wanda bai san sai ya yi sallama kafin ya yi magana da ofishinsa ba.

Wata safiya, jajiberin kasuwa, sai ga wata murya mai laushi kamar man shanu. Ta yi sallama cikakkiya, ta yi ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya shinkafa a fadama. Sannan ta ce, "Baba, yaya gwiwar?"

Gwiwa! Duk ofishin nan ba wanda ya taɓa tambayarsa gwiwa.

"Da sauƙi. Wa ke magana?"

"Haba Baba, ɗanku ne na ƙetare. Gaisuwa ce kurum."

To wane dattijo ne yaro zai ce masa "ɗanku ne" ya sake tambayar suna? Ai ya nuna ya manta nasa ke nan. Sai Ɗanliti ya ce, "Af, kai ne! Ina mutan gida?"

"Suna gaishe ka. A ba ni Saje in kwashi gaisuwa."

"Ya tahi Kaoje, sai jibi."

"Allah sarki. Kofur Ma'azu fa?"

"Yana mashigin Kende tun da sassafe."

Haka ɗan albarkan nan ya bi 'yan ofishin ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake kowa ba, ya yi wa kowa addu'ar dawowa lafiya. Bai taɓa furta kalmar sintiri ba. Me zai yi da ita? Daga ranar, duk jajiberin kasuwa sai ya kira.

Ɗanliti ya koma gida yana gaya wa matarsa Hamsatu cewa har yanzu akwai 'ya'yan mutunci a duniya.

"Ɗan wa ne, Malam?"

"Ɗan mutane."

"Sunansa fa?"

"Ke dai ba ki san kunya ba."

"Na ji. Amma ɗan da bai taɓa zuwa ya durƙusa ba, kullum sai ƙidaya ku yake kamar awakin gidansu, a yi masa sannu da zumunci."

Ya ce mata maganar gwamnati ta fi ƙarfinta.

Kasuwa kuwa ta cika da atamfar ƙetare, taba da turare har a tiren 'yan talla. Saje ya yi gabas, jakuna su wuce ta yamma. Ya tsare mashigi, kwalekwale ya ɓulla ta wani. Ya zargi Kofur, ya zargi asiri, har rubutu ya sha.

Asirin ya tonu ranar da ciwon kai ya hana Saje fita, ya kwanta a kan benci bayan ƙofa. Ƙararrawa ta buga. Yana kwance ya ji Ɗanliti, baki har kunne, yana rarraba masa mutanensa: wane yana Bahindi, wane ya bi kogi, wane matarsa ta haihu. Saje ya miƙe ya fizge wayar.

"Ga Sajen, gaishe ni."

Sai muryar ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe kana kusa. A huta gajiya." Ƙit.

"Ɗanliti, ban hana ka fitar da maganar ofis ba?"

"Ranka shi daɗe, wace maganar ofis? Gaisuwa ce. Mutum shi tambayi lahiyarka, in ce ban san inda kake ba?"

"Tuɓe."

Ya tuɓe, ya ninke shi da kyau ya ɗora kusa da tarhon, ya taka zuwa gida da 'yar shara, ana ta shirin kasuwar gobe, idon kowa a kansa. Ragowar rayuwarsa a bakin kogi ya yi ta, yana ɗinke wa masunta koma. In aka tsokano zancen, ba ya musu.

"Ɓarawo ne, na yarda," in ji shi, yana jan zare da haƙori. "Amma duk cikin masu kiran nan, ku nuna mini wanda ya iya gaisuwa kamarsa."