Ranar da Baba Ya Kifa Kan Mota

Babana direban tirela ne tun kafin a haife ni. A garejin kamfaninsu ba mai kiransa sai da Baba Mai Hanci, saboda motar da ya tsufa a cikinta. Irin mai dogon hancin nan ce, injin yana gaba a ƙarƙashin bonet, direba yana baya. Yakan ce, "In tsautsayi ya taso, da hancin zai fara gaisawa kafin ya iso kaina." Cikin motar kuwa ɗakinsa ne na biyu. Ga filas, ga rediyo, ga bargo, ga ƙaramin risho. Inda ya ajiye abu nan zai same shi, don in za a duba injin bonet kawai ake ɗagawa.

Bana kamfanin ya sayar da tsofaffin motocin, ya kawo marasa hanci. A irin waɗannan direba a kan injin yake zaune, gilashi kaɗai ne tsakaninsa da titi. Manaja ya ce sun fi gajarta, sun fi sauƙin shan kwana a lungunan da ake sauke kaya. Baba bai musa ba. Abin da ya hana shi sakewa shi ne motocin ba su kai yawan direbobin ba, kuma an ce sai an ga kamun kowa kafin a san wanda zai zauna. Shi ne mafi tsufa a cikinsu.

A gida sai yabon sabuwar yake yi. "Kamar kana saman bene, uwata," in ji shi. Amma na lura in ya dawo yana jan ƙafa. Matakalarta doguwa ce, kuma tunda a kan taya yake zaune, duk ramin da ya faɗa a bayansa yake sauka.

Ranar da na karɓo sakamakon gama jami'a, ya ce in biyo ta gareji. Da safen ya shigo daga tafiya, ko gida bai je ba. Ya sa ni gaba yana nuna ni ga kowa. Dogo, abokin wasansa cikin direbobi, yana zaune a kan wata tsohuwar taya.

"Kai, Mai Hanci, wannan 'yar taka ce? To ina ta samo ƙwaƙwalwa?"

"Wajen uwarta," in ji Baba. "Ni tuƙi na ba ta, ta ƙi."

"Ai an yanke maka hancin yanzu. Da me za mu kira ka?"

"Ku kira ni da sabon angon mota. Zo ki ga injinta, uwata, ko ƙura ba ya ɗauka."

Kafin a ga injin mota maras hanci, sai an tuntsurar da kan motar gaba ɗaya, har kujeru da sitiyari, ya kifa gaba. Akwai wani ɗan ƙarfe a gefe da ake bugawa kamar famfo. Baba ya naɗe hannun riga ya fara bugawa, yana yi yana kallona yana murmushi. Kan ya fara tashi a hankali.

Bakanike ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota ya ƙwala ihu: "Baba! Ka kwashe kayan ciki?"

Kan ya riga ya rinjaya. Muka ji kaya suna gangarowa, sai wani ƙara, tas! Rishon ne ya bugi gilashi, ya tsage shi tun daga sama har ƙasa. Gareji ya ɗauki shewa. Dogo har da buga cinya. "Sabon ango ya fasa wa amarya ido!"

Sai wani ruwa ya fara bin tsagar, yana ɗiga a ƙasa. Na zaci shayi ne. Da iska ta kaɗo, kowa ya gane ba shayi ba ne. Ta cikin gilashin ana hango wani galan da murfinsa ya fita.

Dariyar ta mutu. Dogo ya sunkuyar da kai yana wasa da takalminsa. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona. Baba bai kalle ni ba.

Manaja ya fito daga ofis, ya dubi gilashin, ya dubi ƙasa. Ya rage murya, amma a shirun nan kowa ya ji.

"Baba, gilashi ana sauya shi. Wannan fa? Tun yaushe?"

"Ranka ya daɗe, ya ɗan jima. Fitsarin ne ba ya riƙuwa. A tsohuwar sai in tsaya in sauka, taku ɗaya ne. Wannan kuwa, in na yi ta hawa da sauka, gwiwar ba ta kai ni."

"Shi ne ba ka gaya wa kowa ba?"

"Da na faɗa, da wa za a fara cirewa?"

Manaja ya miƙa hannu, Baba ya zaro mukulli ya sa masa. Manaja ya ce sai likita ya gan shi tukuna.

Bakanike ya ɗauko bokiti zai wanke motar, Baba ya karɓe. Na matso in taya shi, ya ce, "Koma can, uwata, kada ki ɓata kayanki." Na tsaya da sakamakona a hannu ina kallon bayansa har ya gama.

Likita ya ce ciwon yana jin magani, amma doguwar tafiya ta ƙare. Kamfanin ya ba wani direba motar, aka ce Baba ya riƙa jera motoci a cikin gareji in ya ji sauƙi.

Ni nake raka shi asibiti yanzu. A bas muke zuwa, yana zaune a baya kusa da taga. Har yau ban iya ɗaga ido na dube shi sosai ba. Ƙafarsa nake kallo. Duk lokacin da muka doshi kwana, sai in ga ta danna ƙasan bas ɗin, tana neman birki.