Talotalona a Gindin Mangwaron Baffa

Har yau in na ji ana wasa wuƙa a kan dutse sai in tashi in leƙa bayan gida in ga ko yana nan. Yana nan. Yana tsaye kusa da randa, ya baza abin da ya rage masa na wutsiya, yana yi wa tsintsiya barazana.

Ni matsoraciya ce, duk layinmu a Sintali an sani. Ina tsoron kare, ina tsoron ƙadangare mai jan kai, in zan tsallaka titi sai na jira wata tsohuwa na bi bayanta. Bayan na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, Mama ta aike ni babbar kasuwa sayen manja, na dawo da ɗan talotalo a cikin kwali. Shi kaɗai ya rage wa mai sayarwa, wuya tsirara, jiki sai rawa yake. Na dube shi na ga kamar ni. Manjan kuwa ban tuna da shi ba sai a ƙofar gida.

Mama ta leƙa kwalin ta ce, "Kiwo ba laifi ba ne. Amma kada ki sa masa suna. Abin da za a ci ba a raɗa masa suna."

Na ce ba za a ci shi ba. Ta ce, "Mu gani." Shi ya sa har yanzu ba shi da suna. In ina son ya zo, gwangwanin masara nake kaɗawa.

Na raine shi da dusa da ganyen albasa da gara, har dafaffen ƙwai nakan sato masa daga abin karyawar Baba. Ya girma ya zama abin da ni ban zama ba. Karen maƙwabta da ke hana ni zuwa famfo, rana ɗaya ya bi shi har ƙarƙashin mota, tun daga nan karen in ya hango mu sai ya tuna yana da wani uzuri a wani layin. In wayata ta yi ƙara shi ke fara amsawa. In ina wanki yakan zo ya kwanta a kan ƙafata, da nauyinsa da ɗuminsa, ya lumshe ido, jan naman wuyansa ya koma fari-fari. Wani ɗan ƙungiyar mawaƙan cocinmu ya taɓa zuwa wurina hira da yamma, ya sha turare. Takalminsa ɗaya yana nan a gidanmu, bai dawo ɗauka ba.

Sai Kirsimeti ta matso, Kaka ta aiko daga ƙauyenmu ta wajen Zing cewa bana ba ta son uzuri, kowa ya zo. Na tambayi Baba ko za mu tafi da talotalon.

"Motar haya za mu shiga," in ji shi, "ba jirgin Nuhu ba."

Na bi gida-gida neman mai riƙe mini shi. Wadda ta ga abin da ya yi wa kare ta ce ɗakin kajinta ya cika. Wata ta ce tana da ƙananan yara kuma tana son su. Daga ƙarshe Goggo ta yarda. Goggo matar Baffa ce, tsohon Bafulatanin da katangarmu ke haɗe da tasu, ya yi ritaya daga aikin gwamnati tun ina firamare. Ta ce in kawo shi ranar tafiya, amma in ɗaure masa ƙafafu kafin ta samu ta sa shi a keji. Ta ƙara da cewa, "Ba sai Baffanku ya ji ba tukuna. In ya ji zai ce a'a. In ya gani a keji zai yi shiru."

To, akwai abin da ake yi a layinmu tun kafin a haife ni. Duk jajibirin Kirsimeti, matan Kirista kan ɗaure kajinsu su kai gidan Baffa su jera a gindin mangwaronsa, shi ya yanka. Ta haka in an kai wa maƙwabta Musulmi shinkafa da miya, kowa zai ci ba tare da ya tambayi wa ya yanka ba. Baffa ba ya tambayar ta wace ce wannan. Kowace mace ta san tata da tsumman da ta ɗaure ƙafa da shi. Ka ajiye, ka ce "Baffa, ga shi nan na ajiye," ka tafi ka ɗora ruwan zafi. Ni da kaina na sha kai namu a shekarun da ba mu yi tafiya ba.

Da mun tashi ranar da aka tsara, da ba abin da zai faru. Amma ba a saki Baba daga ofis da wuri ba, tafiya ta zame har ta faɗa kan jajibiri.

Da safen nan gidanmu kamar ana gobara. Mama na neman murfin kula, Baba na tsaye a ƙofa yana duba agogo, mai keken da zai kai mu tasha yana ta danna ham. Na ɗauki tsohon ɗankwalina na ɗaure wa talotalon ƙafafu, sako-sako don kada ya ji ciwo, na rungume shi na shiga gidan Baffa. Goggo ba ta nan, ta tafi niƙa. Baffa yana bayi, ina jin ƙarar ruwa. Rana ta fara zafi, inuwa kuma ɗaya ce a tsakar gidan. Ba kaza ko ɗaya a wurin tukuna, ni na fara zuwa, babu abin da zai tuna mini. Na kwantar da shi a gindin mangwaro, na shafa masa kai, na ɗaga murya.

"Baffa, ga shi nan na ajiye!"

"To, 'yata. Allah ya kiyaye hanya."

Mun bar gari, gidaje sun fara ƙarewa, duwatsu sun fara matsowa, ina ta tunanin ko Goggo za ta tuna ba ya son ruwan da ya kwana. Wata mata kusa da ni tana da kaza ɗaure a ƙarƙashin kujera. Mama ta dubi kazar ta yi murmushi ta ce wa Baba, "Bana mun hutar da Baffa. Yanzu haka yana can yana wasa wuƙa, kaji sun yi layi a gindin mangwaro."

Ban san na yi ihu ba sai da direba ya taka birki, buhun wani ya zubo mana a ka.

"Maciji ne?" in ji direba, ƙafarsa ɗaya har ta fita waje.

Sai nuna baya nake. Da ƙyar na haɗa kalmomin. Mama ta dafe ƙirji. Na kira wayar Goggo, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, wa zai ji waya a wurin injin niƙa. Na kira ta Baffa. Muryar mace ta amsa, maƙwabciyarmu ce mai sayar da kunun zaƙi.

"Baffa yana aiki, hannunshi da jini. Kai, wannan talotalo naku ta yi ƙiba fa! Wa za ta fige muku?"

Kafin in buɗe baki layin ya yanke. Na sake kira, aka ce ba a samun lambar.

Baba ya yi gyaran murya ya ce, "In an riga an yi, an yi. A ce wa Goggo ta soya ta ajiye mana cinya." Mama ta harare shi, ta tura ni waje ta ce in je, in biyo su a wata motar.

Ni da ba na tsallaka titi ni kaɗai, ranar na tsaya a tsakiyarsa na tare keke da hannu biyu.

"Asibiti ne, 'yar'uwa?" in ji mai keken da ya ga fuskata.

"Sintali! Za a yanka mini talotalo!"

Ya dube ni ta madubi. "To ai lokacinsa ne."

Na fashe da kuka. Ya tsorata, ya murɗa hannu. A bakin kasuwa muka tarar da cunkoso, kowa da kazarsa a hannu kai ƙasa, wani da akuya a kafaɗa. Duk inda na juya abin yanka ne. Na rufe ido ina addu'a, ina jin kunyar abin da nake roƙon Allah a kansa a irin wannan rana, amma ban daina ba.

Gidan Baffa shiru. A jajibiri gidan nan ba ya shiru, mata ne ke cika shi da surutu. Na tura ƙofa. Ga ɗan ramin da yake haƙawa, da jini a ciki. Ga kaji kaɗan an gama da su an jera a tire, ga sauran a kwance suna zare ido. Ga ɗankwalina a ƙasa. Ga gashin wutsiya, dogaye, baƙaƙe masu farin baki, waɗanda nake gogewa da tsumma in ƙura ta hau su, warwatse ko'ina.

Na zauna a ƙasa na ɗauki gashi ɗaya na riƙe.

"Ke. Yi a hankali."

Daga sama maganar ta zo. Na ɗaga kai. Baffa ne a kan reshen mangwaro, ya rungume shi da hannu biyu, ba hula, silifa ɗaya a ƙafa. A ƙasan reshen turmi ne a kife, da shi ya taka ya hau. Sai ga talotalona ya zagayo daga bayan itacen, fukafukai na jan ƙasa, wuya ja wur, rabin wutsiya babu. Wuƙar tana yashe, ya tsallake ta, ya taka hular Baffa, ya ci gaba da zagaye kamar mai gadin banki.

Ƙofar kicin ta buɗe kaɗan, idanu suka jeru a tsagar. Matan layinmu ne, sun kulle kansu.

"Ki kama abinki!" in ji mai kunun zaƙi. "Ruwan zafina ta huce a gida!"

"Wannan ɗaurin da kika yi," in ji Baffa daga sama, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada talotalon ya ji shi, "ɗauri ne ko kwalliya? Na ba shi ruwa ya sha kamar kowa. Na taka fiffike. Na ce bismillah. Ban san inda ƙafar ta fito ba."

Gwangwanin masara yana gida a kulle. Na ɗebi tsakuwa na zuba a kofin da aka ba shi ruwa, na kaɗa. Ya tsaya cak, ya juyo, ya sauke fukafukai, ya taho da gudu ya kwanta a kan ƙafata ya lumshe ido, kamar bai taɓa yi wa kowa komai ba.

Daidai nan Goggo ta shigo da robar ƙullu a ka. Ta dubi mijinta a kan itace, ta dubi kicin, ta dube ni. Ta sauke robar a hankali, don kada ta zube, sannan ta zauna ta yi dariya har da hawaye.

Da Baffa ya sauko ya karkaɗe hularsa, bai yi faɗa ba. Ya ce wa Goggo, "Ko shi ya kwana a gidan nan, ko ni." Goggo ta yi ɗan shiru, wanda Baffa bai ji daɗinsa ba, sannan ta ce in yi haƙuri in ɗauki abina.

Haka na shiga motar Zing da shi a cinya, na naɗe shi da zani, kai kawai a waje. Babu wanda ya matse ni a kujera.

Ban yi tunanin yadda abin zai kasance a idon ƙauye ba sai da na sauka. Jika ta zo daga birni ranar jajibiri, rungume da ƙaton talotalo. Kaka ta hango ni ta rangaɗa guɗa, ta taso tana rawa tana sa mini albarka, wai ashe na yi hankali. Kawuna ya shiga ɗaki neman wuƙa. Wata ta ɗora tukunya. Baba yana zaune yana kallo, har da ɗan murmushi.

Na ɗaure igiya a ƙafarsa, ɗaya bakin a hannuna, wannan karon ɗauri na gaske. Haka na yi Kirsimeti. Da shi na ci abinci, da shi na je rafi, a coci ma a waje na tsaya ta taga, in an ce amin shi ma ya amsa. Ranar da za mu dawo Kaka ta zo ta lallatsa masa ƙirji da yatsa, ta gyaɗa kai ta ce ba komai, a bar shi ya ƙara shekara, zai fi mai.

Wutsiyar ba ta gama dawowa ba. Baffa in zai shigo gidanmu yakan tsaya a waje ya yi sallama, ya tambaya ko mutumin yana ɗaure. Kaji kuwa yanzu ya ce kowace mace ta tsaya kusa da tata.

Kwanan nan Kaka ta sake aikowa, a zo Kirsimeti, kuma kada a manta da baƙon bara. Na ce wa Mama ni bana ba inda za ni, a bar ni a gida. Ta ce, "Ke? Ke kaɗai? Ke da ƙadangare ke kora? Wa zai kula da ke?"

Na nuna mata bayan gida, inda yake tsaye kan tsintsiya, ya riga ya kayar da ita.