Sun Kayar da Tankin da Muke Gane Kabarin Baffa da Shi

Sun kayar da tankin ruwan garinmu Rafin Marke, jama'a! Ina cikin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zan koma Barking, unguwar da nake zaune a nan ƙasar Turawa, baki har kunne don na yi submitting project ɗina na ƙarshe, network na dawowa sai ga bidiyo a group ɗin gida: tanki kwance a ƙasa, 'yan gwangwan na yanka ƙafafunsa. Wai gidan mai za a gina a wurin. Wallahi har na wuce tashata ban sani ba.

Bana shekara bakwai da rasuwar Baffa Ilu mai gyaran keke, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni. Allah ya jiƙansa. Tankin nan tun zamanin Turawa yake tsaye, ko ɗigon ruwa ya daina bayarwa, amma Baffa komai da shi yake kwatance. Nakan tsokane shi: "Baffa, ran da tankin nan ya faɗi ko gidanka ba za ka gane ba." Sai ya ce, "Ja'iri, sai ya ga jikokinka!" Da yana raye, na rantse benci zai ja ya zauna a gindinsa, sai dai a yanka da shi.

Ga abin da ya tsinka min zuciya. A maƙabartarmu ba a kafa allo, ba a rubuta suna. Ran da muka binne Baffa liman ya nuna min: ka shiga ƙofa ka miƙe, inda kan tanki ya leƙo tsakanin darbejiya biyun nan na bakin katanga, nan ne. Kowane gida da irin saitinsa. Liman ya rasu, damina kuma ta baje tudun ƙasar.

Na kira Yaya Rabi'u, babban ɗan Baffa.

"Yaya, za ka gane wurin babu tanki?"

Ya ce, "Auta, jiya na je. Na yi ta zagaye, ƙarshe na yi wa kowa addu'a na fito."

Ni da na riga na yi booking ɗin jirgi, burina in tsaya a kansa in ce, "Baffa, na gama." Na san addu'a tana isa daga ko'ina, kuma karatun da ya fara kai ni a bayan kekensa ba mai iya kayar da shi. Amma ina so in san inda yake kwance.

Duk wanda ya haƙa kabarin, ko ya tsaya a jana'izar kuma yake tuna wurin, ya nemi gidanmu. Don Allah ku tura wa duk ɗan garinmu da kuka sani.